Bayan bugun zuciya: me hoton MRI ke gani da eko bai gani ba?

Tambaya: "Likita, mahaifina mai shekara 61 ya samu bugun zuciya mako uku da suka wuce. An buɗe jijiyar da ta toshe, aka saka masa ɗan bututun ƙarfen nan da ake kira sitent. Hoton eko ya nuna ƙarfin zuciyarsa ya sauka zuwa kashi 35, kuma an ce akwai wata jijiya ta biyu da ta tsuke. Yanzu likitansa ya ce sai an yi masa MRI na zuciya. An yi ECG, an ɗebi jini, an yi eko, an leƙa jijiyoyin. Me kuma ya rage da ba a gani ba? Sannan ba haɗari ba ne a shigar da mai ƙarfe a ƙirji cikin maganaɗisu? Yana kuma da ciwon suga."

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Idan na fahimce ka, abu biyu ne ke damunka: ko wannan hoton zai zo da labarin da sauran gwaje-gwajen ba su kawo ba, da kuma ko sitent ɗin zai zama matsala a cikin na'urar. Bari in fara kwantar maka da hankali kan na biyun. Sitent ɗin jijiyoyin zuciya da ake sakawa a yau ba ya hana shiga MRI, ko da jiya aka saka shi. Akwai abubuwan da ke hanawa, zan zo kansu, amma shi ba ya ciki. Tambayar farko ce ke buƙatar a zauna.

Kowane gwaji da aka yi wa Baba da irin tambayar da yake amsawa. ECG, wato zanen bugawar zuciya, da gwajin turofonin, sinadarin da tsokar zuciya ke zubarwa cikin jini idan ta ji rauni, su suka tabbatar bugun zuciya ne, ba ƙwannafi ko ciwon tsokar ƙirji ba. Anjiyogiram, wato leƙen jijiyoyi da siririn bututu, ya nuna inda hanya ta toshe, ta nan ne kuma aka buɗe ta. Eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da igiyar sauti, ya nuna ɓangaren bangon zuciya da ya daina matsawa, ya kuma ba da lambar nan ta 35. Ma'anarta ita ce a kowace bugawa, babban ɗakin hagu na zuciya yana fitar da kashi 35 cikin 100 na jinin da ya cika shi, alhali a jikin mai lafiya yakan kama daga 50 zuwa 70. To duk cikinsu babu wanda ya ce ga yawan naman da ya mutu, ga kuma wanda ya rage da rai. Bango yana iya tsayawa cik don ya mutu, yana kuma iya tsayawa da sauran ransa. A allon eko sau da yawa kamanninsu ɗaya, amma makomarsu daban, maganinsu ma daban.

Mutuwar daga ciki take farawa

Kaurin bangon babban ɗakin hagu kimanin santimita ɗaya ne. Manyan jijiyoyin da ke ciyar da shi a bayansa suke kwance, suna tura rassa zuwa ciki. Saboda haka shimfiɗar da ke can ciki ita ce ta ƙarshe da jini ke isa gare ta, ita ce kuma ta fi shan matsi duk lokacin da zuciya ta takure. Da zarar jijiya ta toshe, ita ke fara jin jiki. Wasu masu bincike a Amurka, Keith Reimer da Robert Jennings, sun nuna haka a jikin karnuka a 1977: mutuwar tana farawa daga shimfiɗar ciki, ta riƙa ci zuwa waje, cikin awa 3 zuwa 6 ta kusa ratsa bangon. A jikin ɗan Adam lokacin yakan bambanta, domin wasu suna da ƙananan hanyoyin ratse da ke kawo ɗan jini daga jijiyar maƙwabta. Shi ya sa mutum biyu za su zo da toshewa a wuri ɗaya, wannan ya tashi da siririn tabo, wancan kuma tabon ya cinye bangon gaba ɗaya.

Naman da ya mutu ba ya tsirowa. Cikin mako 6 zuwa 8 jiki ke share shi ya maye gurbinsa da tabo, tabo kuwa ba ya matsawa. Amma a gefensa da samansa akwai naman da ya sha wuya bai mutu ba. Wani suma ya yi: jini ya dawo masa, sai dai zai ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya farfaɗo, abin da Eugene Braunwald da Robert Kloner suka yi bayani a kai a 1982. Wani kuma rage aiki ya yi saboda jijiyarsa ta daɗe a tsuke, yana lallaɓawa da ɗan jinin da yake samu don ya rayu. Kamar shuka ce lokacin fari: daga nesa, wadda ta yi yaushi da wadda ta bushe duk a langaɓe suke, amma ɗaya ce kaɗai za ta miƙe in ta samu ruwa. Mako uku bayan bugun zuciya, lambar 35 ta Baba haɗin waɗannan ce duka, kuma likitansa so yake ya raba su.

Yadda tabon ke fitowa a hoto

Na'urar babban maganaɗisu ce, yawanci mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3. Mai tesla 1.5 ɗin ya ninka maganaɗisun duniya kusan sau 30,000. Jikinmu galibi ruwa ne, kuma ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan sukan jeru idan mutum ya shiga ciki. Sai a turo musu igiyar rediyo ta karkatar da su, a saurari abin da suke maidowa yayin da suke komawa mazauninsu. Tabo, da kitse, da jini, da nama mai kumburi, kowanne da saurin komawarsa, daga wannan bambancin ne kwamfuta ke haɗa hoto. Babu hasken eksre a ciki irin wanda ake amfani da shi a CT ko anjiyogiram. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun samu kyautar Nobel a 2003 saboda aza harsashin wannan fasaha.

Da hoton motsi ake farawa. Ana ɗaukar zuciyar yanki-yanki daga tushe zuwa tsini tana cikin bugawa, a auna girman ɗakunan da jinin da suke fitarwa. A nan MRI ya fi eko daidaito, domin eko ta tsakanin haƙarƙari yake leƙawa, kuma ƙiba ko ciwon huhu na iya rage masa gani. Kada ka yi mamaki idan 35 ta koma 40 ko ta sauka 31, ba wai wani ya yi ƙarya ba ne, ma'aunin ne ya fi kaifi.

Sai babban aikin. Ana yin allurar wani ruwa mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam ta jijiyar hannu, a jira minti 10 zuwa 15. Ruwan ba ya shiga lafiyayyar ƙwayar tsoka, a tsakankanin ƙwayoyin yake yawo. A lafiyayyen nama ƙwayoyin a cunkushe suke, ba shi da wurin zama, sai ya wuce da sauri. Inda ƙwayoyin suka fashe, ko tabo ya maye gurbinsu, fili ya samu, sai ya taru ya daɗe bai fita ba. Mai sarrafa na'urar yakan yi ta gyara wani ɗan lokaci na daƙiƙa, yana ɗaukar hoton gwaji yana dubawa, har sai lafiyayyen nama ya yi baƙi wuluk. A lokacin yankin zuciyar ke fitowa a zagaye: tsakiya jini ne mai ruwan toka, bango baƙi, sai ka ga a ɓangaren da jijiyar ta toshe wani farin layi fat ya bi gefen ciki. Hoton na iya nuna tabon da nauyinsa bai wuce giram ɗaya ba.

Ni idan na zauna gaban allon, zurfin farin nake fara dubawa kafin faɗinsa. Ana raba bangon gida 17, a duba kowane gida a ga nawa farin ya ci daga kaurinsa: kwata, rabi, kwata uku, ko duka. Dalilin wannan ya samo asali daga binciken Raymond Kim da Robert Judd da abokan aikinsu a Jami'ar Northwestern da ke Shikago, wanda ya fito a 2000. Sun yi wa marasa lafiya 50 hoton kafin a gyara musu jijiyoyi, suka sake dubawa bayan gyaran. A cikin sassan bango marasa motsi sosai da ba su da fari ko kaɗan, kashi 78 cikin 100 sun farfaɗo. A cikin sassa 58 da farin ya ci fiye da kwata uku na kaurinsu, ɗaya tak ya farfaɗo. Daga nan likitoci suka riƙe rabi a matsayin iyaka: ƙasa da rabi akwai kyakkyawan fata, sama da rabi fatan ya yi ƙaranci. Wanda ke tsakanin kwata da rabi shi ke ba mu ciwon kai, domin a binciken ma kusan raba-daidai aka yi, kuma a irin wannan nakan rubuta a rahoto cewa hoton bai yanke hukunci ba.

Akwai abin da ya fi farin tayar mini da hankali, wato baƙin ɗigo a tsakiyar farin. Ma'anarsa an buɗe babbar jijiya, amma ƙananan hanyoyin jinin da ke can cikin naman sun lalace, har ruwan allurar ma bai iya kutsawa ba. Anjiyogiram zai nuna jini na gudu lafiya lau a babbar hanya, alhali bai isa inda ake bukatarsa ba. Wani lokaci har jini kan tsiyaya cikin naman, kuma akwai salon hoto da ke gano ƙarfen da jinin ya bari. Masu irin wannan sun fi shiga haɗarin zuciyarsu ta buɗe ta yi girma a watannin gaba, ta kai ga gazawa. Wanda na ga haka a hotonsa, nakan nemi a matsa wajen kai magungunan kare zuciya zuwa cikakken awo, a kuma riƙa ganinsa a kai a kai. Wannan baƙin yakan ɓace bayan wasu makonni, don haka hoton farko-farko ne ke kama shi.

Abu na gaba shi ne gudan jini. Inda bango ya tsaya, musamman tsinin zuciya bayan toshewar jijiyar gaba, jini kan kwanta ya daskare. Tsinin nan kuwa shi ne wurin da eko ya fi shan wahalar gani. Na taɓa duba hoton wani dattijo da aka turo don a auna masa tabo kawai, eko bai nuna komai a tsinin ba. Bayan allura sai ga wani baƙin dunƙule kamar kan yatsa manne a jikin farin tabon, baƙi ƙirin domin gudan jini ba shi da hanyoyin da ruwan zai bi. A ranar aka ƙara masa maganin tsinka jini. Irin wannan gudan in ya ɓalle, yana iya nufar ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Hoton yakan kuma nuna ko ɗakin dama ya taɓu, ko bango ya yi siriri ya kumbura waje, ko ruwa ya taru a jakar zuciya.

Tunda Baba yana da suga, ga wani abin da za a iya tararwa: tsohon tabo a wani ɓangaren daban, na bugun zuciyar da ya wuce ba a sani ba. Masu suga sukan yi shi ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Wani bincike da aka yi kan tsofaffi a ƙasar Aisland, ya fito a 2012, ya gano irin wannan ɓoyayyen tabo a kashi 17 cikin 100 da MRI, ECG kuwa kashi 5 ya kama.

A nan zan ɗan ratse, saboda masu karatu da abin ya shafa. Akwai waɗanda ke zuwa da duk alamun bugun zuciya, turofonin ya hau, amma a leƙa jijiyoyin a same su a buɗe. A wajensu MRI ya ma fi amfani, domin wurin da farin ya zauna yana faɗin sanadin. In daga ciki ya faro kuma ya bi yankin jijiya ɗaya, bugun zuciya ne na gaske. In a tsakiyar bango ko bayansa yake warwatse, galibi kumburin tsokar zuciya ne, irin wanda ƙwayar bairos kan jawo. In kuma bango ya tsaya, ga kumburi amma babu farin tabo, sai a yi tunanin takotsubo, raunin zuciya na wucin gadi da kan biyo bayan firgici ko baƙin ciki mai tsanani, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990. Ukun nan maganinsu ba ɗaya ba ne.

Batun jijiya ta biyu

Ina kyautata zaton wannan na cikin dalilan likitan Baba. Jijiya na iya bayyana a tsuke a anjiyogiram amma jinin da take wucewa da shi ya wadatar. Don a gane, ana ɗura maganin adenosin ta jijiya na 'yan mintoci, ya buɗe hanyoyin jinin zuciya kamar mutum na gudu, a bi ruwan allurar da hoto yayin da yake shiga naman. Yankin da jijiyarsa ta gaza yakan yi jinkirin yin haske. Idan yankin na da rai kuma jini bai ishe shi ba, akwai hujjar buɗe jijiyar. Idan tabo ne ya ratsa shi, buɗewar ba za ta dawo da motsi ba. Wasu likitocin sun fi son auna matsin jini a cikin jijiyar kai tsaye lokacin anjiyogiram, wannan ma hanya ce ingantacciya.

Inda hoton ya tsaya

Lokacin ɗauka yana canza abin da ake gani. A kwanakin farko kumburi kan sa farin ya fi ainihin ɓarnar girma, sai ya ja baya cikin makonni. Wanda aka yi wa hoto a rana ta biyu aka ce tabon ya ratsa bango, yana iya dawowa bayan wata uku a ga rabi ne. Mako uku zuwa shida lokaci ne mai kyau na tambayar da ake yi kan Baba, ko da yake ƙarfin zuciyar bai gama daidaita ba tukuna.

Sannan kada a ɗauka duk inda hoto ya nuna nama mai rai, buɗe jijiya zai ƙara tsawon kwana. Hankali yana ba da haka, amma manyan gwaje-gwaje ba su tabbatar da shi yadda aka zata ba. A binciken STICH na 2011, gwajin rai a naman zuciya, wanda aka yi da wasu na'urorin ba MRI ba, bai ware waɗanda tiyata za ta fi amfana ba. A REVIVED, da aka yi a Birtaniya kan mutum 700 masu raunin zuciya mai tsanani ya fito a 2022, ƙarin sitent bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba idan aka kwatanta da magani kaɗai. Waɗannan mutane ne masu daɗaɗɗen rauni, ba sabon bugun zuciya irin na Baba ba, amma darasin ya shafe mu: yawan tabon yana faɗin haɗarin da ke gaba sosai, shawarar aiki kuwa sai an haɗa da alamun da mutum ke ji, da yanayin jijiyoyinsa, da ƙodarsa, da shekarunsa. MRI kuma ba ya ganin cikin jijiyoyin zuciya da kyau kamar anjiyogiram ko CT, kuma hoton kan yi dishi-dishi ga wanda bugawar zuciyarsa ba ta da tsari ko ba ya iya riƙe numfashi.

Ra'ayina shi ne ba kowane mai bugun zuciya ke bukatarsa ba. Wanda aka buɗe wa jijiya da wuri, eko ya fito tas, ƙarfin zuciya ya kai 55, babu wata jijiya da ake shakka, hoton ba zai canza masa ko ƙwaya ɗaya ba. Baba kuwa yana da lamba a kan iyaka, ga jijiya ta biyu, ga suga. Ban ga fayil ɗinsa ba, amma a kan abin da ka faɗa, ni ma da zan nema. Lambar 35 tana da nauyi na musamman, domin daga ita zuwa ƙasa ake fara maganar dasa na'urar ICD, wadda ke ba zuciya shokin idan bugawarta ta rikice. Ba a yanke wannan shawarar sai an wuce kwana 40 da bugun zuciya, ga wanda aka buɗe wa jijiya kuma akan jira kimanin wata 3 yana kan magani, a sake aunawa. Hoton yanzu zai nuna ko akwai naman da za a sa ran ya ɗaga lambar kafin lokacin.

Haɗari da shiri

Abubuwan da ake tsoro su ne tsofaffin na'urorin daidaita bugawar zuciya, da wasu ƙarafunan da ake maƙala wa jijiyar ƙwaƙwalwa, da na'urar ji da ake dasawa cikin kunne, da ɓarɓashin ƙarfe a ido, musamman ga wanda ya taɓa aikin walda ko niƙan ƙarfe, da harsashi ko ɓaraguzan da suka rage a jiki. Yawancin sababbin na'urorin zuciya an ƙera su don su jure MRI, sai dai a saita su kafin da bayan hoton. In Baba yana manna na'urar auna suga a hannu ko yana da famfon insulin, za a cire su a waje.

Ƙodarsa ce abin dubawa, tunda ta nan gadoliniyam ke fita, suga kuma yana taɓa ƙoda. A 2006 aka gano alaƙar wasu nau'o'insa da wata cuta mai taurara fata da gaɓoɓi a jikin masu gazawar ƙoda mai tsanani. Tun daga nan ake auna aikin ƙoda, a yi taka-tsantsan idan lambar wannan awon, wato eGFR, ta gaza 30, kuma nau'o'in da aka fi amfani da su yanzu haɗarinsu ya yi ƙasa ƙwarai.

Zai kwanta rigingine cikin rami mai buɗaɗɗen kai da ƙafa na minti 45 zuwa awa ɗaya, da wayoyin ECG a ƙirji da wani faranti mara nauyi a kai. Na'urar tana da ƙara sosai, za a ba shi abin toshe kunne da ƙararrawar roba a hannu da zai matsa in yana son a tsaya. Za a yi ta ce masa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15. Ka sa ya gwada wannan a gida yana kwance, domin kyawun hoton ya dogara da shi, kuma in ba ya jin harshen ma'aikatan sosai, a nemi wanda zai riƙa faɗa masa umarnin. In yana tsoron matsattsen wuri, a faɗa tun ranar karɓar lokaci. Idan da adenosin za a yi, zai kauce wa kofi da shayi da duk abin da ke da kafeyin na awa 24, kuma lallai a sanar da su in yana da asma. Maganin kan sa jin zafi a fuska da nauyin ƙirji da haki, amma yana gushewa cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu da tsayar da shi.

Ku tafi da katin sitent ɗin, da sakamakon gwajin ƙoda, da jerin magungunansa. Magungunan hana jini daskarewa a cikin sitent kuwa, asfirin da magani na biyun da ake haɗawa da shi, kada a tsallake ko da na rana ɗaya saboda hoton, domin MRI ba ya bukatar a dakatar da su, kuma sabon sitent na iya toshewa idan aka bar su.